Ƙofar Jirgi Ta Rufe Da Balbela

Shafi na 9

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi. Ke kuma da kika rantse in wani abu ya sami yarinyar nan ba ni ba ke, ki nemi wuri ki zauna kafin ki fara. Maman Balbela ce ke magana da bakinta.

*

Ƙofar ko ƙara ba ta yi ba. Wani ɗan kuka ta yi, ɗit ɗit ɗit, sai ɓangarorinta biyu suka haɗu a gaban hancina.

Balbela tana ciki. Ni ina waje.

Na saki jakar kayanmu, na daki gilashin da hannu bibbiyu.

"Ku buɗe! 'Yata! 'Yata na ciki!"

Ta gilashin ina hango ƙeyarta da ɗan farin ɗankwalin da na ɗaura mata da safe, da muka sauka daga bas. Ba ta juyo ba. Ta yaya za ta juyo? Shekararta shida, tun da na haife ta ba ta taɓa jin muryata ba. Kunnen nan ne ma ya taso mu daga gida zuwa wannan ƙaton birni, don likita ya duba ta.

Jirgin ya ja.

Na bi shi da gudu ina dukan jikinsa, ina kiran sunan da na san ba za ta ji ba. Wata mata ta cafko ni ta baya.

"Baiwar Allah za ki faɗa! Dakalin ya ƙare!"

Jirgin ya shige wani rami mai duhu. Iskarsa ta bugi fuskata. Shi ke nan, ya tafi.

Na juyo. Nas tana tsaye inda na bar ta, hannuwanta a ka. Ƙanwar mijina ce, tana karatun jinya a birnin, shi ya sa duk gida muke ce mata Nas. Ita ta tarbe mu a tashar mota. Ita ta ce mu rabu da tasi, jirgin cikin gari ya fi sauri, ita kullum shi take hawa.

Na tako har gabanta.

"Ina hannunta?"

"Anti..."

"Ce miki na yi riƙe min ita in ɗauki jaka. Ina hannunta?"

"Wallahi ina riƙe da ita. Na tura ta ciki, na juyo in taya ki, sai masu fitowa suka turo ni baya."

"Ina zai tsaya?"

Ta sunkuyar da kai.

"Nas, da ke nake. Tasha ta gaba ina ce?"

Ta ɗaga kai tana kallon wani allo a bango. Layuka ne a jiki, ja da kore da shuɗi, sun harɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Ta sa yatsa a kan ja, ta ɗauke, ta mayar kan kore. 

"Ina jin... ina jin nan ne."

"Kina jin me? Ba ke kika ce kullum shi kike hawa ba?"

Sai ta fashe da kuka.

"Anti ban taɓa hawa ba."

Na zuba mata ido.

"Me kika ce?"

"Daga ɗakin kwananmu zuwa aji a ƙafa nake zuwa. Ƙawayena ne ke hawa, su dawo suna ba da labari. Da na ga kun zo sai na ce bari in nuna muku gari. Kar Yaya ya ce ya turo ni birni na zauna ban san komai ba."

"Don a ce kin waye? Nas, da 'yata kika yi gwaji?"

"Ki yafe min Anti."

Na ɗaga hannu. Wallahi na ɗaga. Amma na ga ko na mare ta jirgin ba zai dawo ba, sai hannun ya sauko da kansa. Na juya na fara ihu a tsakiyar tasha, ban san ma me nake faɗa ba. Mutane suka riƙa kewaye ni suna wucewa. Wasu su kalle ni, su kalli agogonsu. A garinmu da na yi irin ihun nan, da tuni mata sun fito da ludayi a hannu.

"Wa ya faɗi? Me ya faru?"

Wata mata ce, gajera mai ƙiba, sanye da rigar ma'aikatan tasha, wayar oba-oba maƙale a kafaɗarta. Na riƙe hannunta gam.

"Ranki ya daɗe, 'yata. Jirgi ya tafi da 'yata."

"Ki nutsu. Wannan kullum sai ya faru, kuma kullum muna samo su. Shekararta nawa?"

"Shida."

"Sunanta?"

"Balbela muke ce mata."

"To Maman Balbela, yanzu zan sa a kira ta a lasifikar jirgi, a ce ta tsaya inda take kar ta sauka."

"Ba ta ji."

Jami'ar ta dakata da oba-obar a bakinta.

"To ko wani ya tambaye ta, za ta iya faɗin sunanki? Ko lambar wayarki?"

"Ba ta magana, ranki ya daɗe. Da hannu muke yi. Daga ni sai babanta ke ganewa."

Na ga fuskarta ta sauya. Wannan fara'ar ta masu aiki da jama'a ta ɓace ɗif.

"Wanne ta shiga? Wanda ya tashi yanzu daga wannan gefen?"

"Shi."

"Ina za ku?"

Nas ta ce cikin shessheƙa, "Asibitin kunne."

"Asibitin kunne? Ai ta wancan gefen ake hawa jirginsa. Wannan mai dogon zango ne, ba ya tsayawa a ƙananan tashoshi. Sai babbar mahaɗa."

Nas ta sulale ta zauna a ƙasa.

Na ce, "Mece ce mahaɗa?"

Ba ta amsa min ba. Ta juya baya tana magana cikin oba-oba da sauri: yarinya siririya, 'yar shekara shida, farin ɗankwali, riga mai fure, ba ta ji, ba ta magana, a tare ta a mahaɗa. Wata murya ta amsa cikin ƙarar shuuu. Direban jirgi ne, wai shi ba zai iya barin kujerarsa ba, sai dai masu tsaro su duba in ya isa.

Jami'ar ta kira wani abokin aikinta ta bar masa wurin, ta ɗauki jakata da kanta.

"Ku tashi. Na gaba yana zuwa, tare za mu tafi."

Muna tsaye a bakin dakali wayata ta fara ruri. Na duba.

Baban Balbela.

Kiran hoto ne. Haka yake yi duk inda yake, ko yana tsakiyar walda sai ya ajiye ya ɗaga gilashin fuskarsa, su yi hirarsu da hannu, ita tana ƙyalƙyala dariya.

Nas ta ga sunan. Ta durƙusa ta riƙe ƙafata.

"Anti don girman Allah kar ki ɗaga. Yaya kashe ni zai yi."

"Sake ni."

"Anti..."

Na ɗaga, amma na kifa wayar a kunnena don kar ya ga komai.

"Kun isa asibitin?"

"Muna hanya."

"Wace irin murya ce wannan? Mura ta kama ki a mota?"

"A'a."

"To me ya sa nake ganin duhu? Juyo da wayar in ga Balbelata. Na sami wata sabuwar alama da zan nuna mata, ta jirgi. Nas ta ce min jirgi za ku hau."

Na kalli Nas.

"Tana... tana gaba."

"Gaba ina?"

Jirgin ya iso da ƙugi. Ƙofa ta buɗe, jami'ar ta tura mu ciki.

"Maman Balbela, gaba ina? Ba ki riƙe da ita?"

Muka shiga rami. Wayar ta katse.

Ban taɓa sanin akwai hanya a ƙarƙashin ƙasa ba sai ranar. Ta taga babu abin da nake gani sai baƙin bango da fuskata. Balbela tana tsoron duhu. In aka ɗauke wuta a gida, hannunta take ɗorawa a maƙogwarona, in yi ta magana tana jin motsin muryar a tafinta har ta yi barci. Yanzu ta bi ta cikin wannan ramin, maƙogwaron wa za ta taɓa?

Taragon cike yake maƙil. Kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa, wasu da igiya a kunne. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan ne ke tare da 'yata. Ko ta yi kuka, wa zai ɗago?

Na riƙe ƙarfen da ke tsaye ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, in fara wannan in tsinci kaina a tsakiyar waccan.

Can sai haske ya buge mu. Jirgin ya fito daga rami ya hau wata doguwar gada, birnin ya shimfiɗu a ƙasanmu. Bene kan bene, titi kan titi, motoci kamar tururuwa, har inda ido ya tsaya, bayan nan ma hayaƙi ne da wasu benayen. Tashoshi suka riƙa wucewa fiu, fiu, ba mu tsaya ba.

A nan zan nemi yarinyar da ko an kira ta ba za ta waiwayo ba?

Nas ta matso kusa da ni.

"Anti in sha Allahu..."

"Kar ki yi min magana."

Jami'ar ta dafa kafaɗata. "'Ya'yana uku. Na san abin da kike ji."

"Naki suna ji ai."

Ta ɗauke hannunta. Na san ban kyauta ba, amma bakina ba a hannuna yake ba.

Da ƙofa ta buɗe a mahaɗa sai na gane dalilin da ya sa ta ƙi amsa min ɗazu. Wurin ya fi duk kasuwar garinmu. Jirage ta sama, jirage ta ƙasa, matattakalai masu tafiya da kansu suna zubo mutane kamar an ɓalle famfo. Ƙofofin fita ta ko'ina. Wani mai tsaro, dogo, yana jiran mu. Tun kafin ya buɗe baki na duba hannuwansa. Babu kowa.

"Madam, mun bi tarago-tarago. Har ƙarƙashin kujeru. Babu yarinya ita kaɗai."

Na ce, "Ƙarya ne! Da idona na ga ta shiga!"

"Hajiya ban ce ba ta shiga ba. Na ce ba mu ga yarinya ita kaɗai ba."

Jami'ar ta ce, "Mu je ɗakin kyamara."

Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai sanyi a bayan wurin sayar da kati, bango guda duk allunan talabijin. Wani mai tabarau yana zaune a gabansu da kofin shayi. Jami'ar ta faɗa masa jirgin, ya danna wasu maɓallai, mutanen cikin allo suka riƙa tafiya da baya da sauri, suna komawa cikin jirgi. Ya tsayar.

"Ga shi lokacin da ya iso. Ki duba da kyau, Hajiya."

Ƙofofi suka buɗe. Mutane suka ɓarko. Na manna fuskata a jikin allon har ina jin ɗuminsa. Kawuna, huluna, jakunkuna.

"Tsaya! Ga ta!"

Farin ɗankwali. Tana tafe da ɗan ɗage-ɗagen ƙafar nan nata, wanda ya sa babanta ya laƙaba mata Balbela. Ba kuka take ba. Ko alamar tsoro babu a jikinta.

Nas ta ce, "Anti, wa take riƙe da shi?"

Sai a lokacin na lura. Hannunta na dama yana damƙe da gefen hijabin wata mata. Shuɗi mai duhu, dogo har ƙasa.

Na sunkuya na kalli jikina. Shuɗi mai duhu, dogo har ƙasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta ɗauka ni ce."

Ni na koya mata. In muka shiga cikin mutane, ki riƙe gefen hijabina, kar ki saki, ki kalli ƙasa kar ki yi tuntuɓe. Abin da na koya mata take yi. Tun daga can har nan 'yata ba ta san ta ɓata ba.

Matar ma ba ta san da ita ba. Tana tafe tana danna waya, jaka a kafaɗa.

Mai tabarau ya riƙa bin su daga allo zuwa allo. Ga su a matattakala, Balbela tana ɗaga ƙafa tana mamakin yadda ƙasa ke tafiya. Ga su a ƙofar kati, matar ta goga katinta, Balbela ta bi ta a manne kafin ƙarfen ya rufe. Ga su sun wuce ta gaban wani mai tsaro, ya kalle su ya kau da kai. Uwa da 'yarta, me zai tambaya?

Na riƙa magana da allon. "Ɗago kai. Balbela ɗago kai ki gani."

Ga su a waje, bakin titi. Matar ta tsaya za ta gyara jaka, ta ji an ja ta. Ta juyo.

Balbela ta ɗago.

Wallahi har in mutu ba zan manta fuskar nan ba. Murmushi ta fara yi, irin wanda take min in tana son ta nuna min wani abu. Sai murmushin ya tsaya. Bakinta ya buɗe. Ta saki hijabin, ta ja da baya. Matar ta sunkuyo tana mata magana, tana miƙa hannu. Balbela ta waiga dama, ta waiga hagu. Ta taɓa ƙirjinta sau biyu da tafin hannu.

Jami'ar ta ce, "Me take cewa?"

"Mama take cewa."

Sai ta kwasa da gudu.

"Bi ta! Malam bi ta!"

Ya danna, ya danna, ya ɗaga hannu.

"Hajiya, iyakar kyamararmu ke nan."

"Ina ne can inda ta nufa?"

Ya kalli jami'ar. Jami'ar ta kalli ƙasa.

"Na ce ina ne?"

"Babban titi ne."

Oba-obar da ke kafaɗarta ta yi shuuu, wata murya ta fito: "Ƙofar gabas, ƙofar gabas, motoci sun tsaya, wai wani bas ne ya..."

Ta yi saurin danne ta da hannu. Amma na riga na ji.

Ban san yadda na fita daga ɗakin ba. Na tuna dai na hau matattakalar da ke saukowa, tana mayar da ni ina haurawa, mutane suna zagi na. Na tuna ƙarfen ƙofar kati ya buge ni a cinya, na tsallake shi. Nas tana baya tana kiran "Anti! Anti!"

Zafin rana ya tare ni a waje, da ƙarar hon ta ko'ina. Titin ya fi kogi faɗi. A tsakiyarsa wani dogon bas ya tsaya a karkace, baƙin sawun taya a bayansa, warin ƙonanniyar roba ya cika wurin. Mutane sun yi da'ira, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka.

"Ku ba ni hanya! Ku ba ni hanya!"

Na kutsa da gwiwar hannu har na fito gaba.

Takalminta ɗaya yana kan kwalta, a gaban taya.

Na zube a kan gwiwoyina na leƙa ƙarƙashin motar. Kwaltar tana ƙona min tafi. Na duba gaba, na duba baya. Babu kowa. Babu jini.

Direban, wani dattijo mai furfura, yana zaune a bakin ƙofar motarsa, hula a hannu. Na rarrafa zuwa gabansa.

"Baba, ina yarinyar?"

"Wallahi ban taɓa ta ba. Ga mutane nan shaida. Na yi hon, na yi hon, ko waiwayowa ba ta yi ba."

"Ba ta ji, Baba. Ina take?"

"Allah ne ya kiyaye. Wata mata ce ta yi kukan kura ta fizge ta daga gaban taya. Ko ƙwarzane ba ta yi ba."

Na kifa goshina a kan kwalta. Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Sai yanzu hawaye suka zo. Nas ta iso ta faɗa jikina tana kuka, ban ture ta ba.

Na ɗago ina share fuska. "Ina matar, in yi mata godiya? Mai hijabi irin nawa ko?"

"Ni ce mai hijabin." Ta fito daga cikin mutane, jakarta a rungume, ita ma idonta ya yi ja. "Ba ni na ɗauke ta ba, 'yar'uwa. Ni ban ma san tana bi na ba. Kafin in iso wata ta riga ni."

"To ina take?"

Wani mai sayar da ruwa ya nuna can gaba da baki.

"Ta tare tasi. Yarinyar tana ta fizge-fizge, ta dai rungume ta ta shiga da ita."

Na miƙe tsaye. Tasi ne a titin nan ba iyaka, duk launi ɗaya, duk suna tafiya.

"Kuka bar ta ta tafi da ita? Duk yawanku?"

Dattijon ya mayar da hularsa. Ya kalle ni daga sama har ƙasa.

"To wa zai hana ta? Ai cewa ta yi ita ce uwarta. Ke kuma wace ce?"